Alƙaluma Na Nan Kyauta, Amma Ba Su San Kasuwar Maigatari Ba

Ɗaliban tattalin arziki da nake duba wa aikin bincike kukansu ɗaya ne duk shekara: "Malam, babu alƙaluma." Ni a ganina alƙaluma sun ma yi yawa, masu tantance su ne suka yi ƙaranci.

Tun 2010 Bankin Duniya ya buɗe rumbun bayanansa kyauta ga kowa a intanet. Da wayar hannu da 'yar data, ɗalibi yana zaune a Gusau zai sauke alƙaluman arzikin Najeriya tun daga 1960. Majalisar Ɗinkin Duniya na da rumbun Comtrade, mai nuna abin da ƙasashe suka sayar da abin da suka sayo, kaya-kaya, tun 1962. A gida kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton cinikin waje duk wata uku, ga kundin ƙididdiga na Babban Banki. Samu dai an samu.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an sauke. A 2014 Najeriya ta sake lissafin arzikinta, ta mayar da shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkar sadarwa da fina-finai yadda ya kamata. Nan take arzikin 2013 ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu a takarda. Ko buhun gero ɗaya bai ƙaru a rumbun kowa ba a ranar. Amma na sha ganin ɗalibi ya haɗa tsohon jeri da sabo, ya ga tsallen, ya rattaba cewa cinikin waje ne ya kawo bunƙasa. Manhajar kwamfuta ba za ta tsawata masa ba, abin da aka zuba mata shi take niƙawa.

Babbar matsalar kuwa tana bakin iyaka. Comtrade na dogara ne da abin da jami'an kwastan suka rubuta, gwamnatoci suka aika. To, je ka Maigatari ranar kasuwa ka tsaya a kara, ka ga shanu da raƙuma da tumakin da aka koro daga Nijar ta daji. Ka bi hatsin Dawanau da ke ratsa Jibiya zuwa Maraɗi, wani a tirela, wani buhu bibbiyu a bayan babur. Nawa ne a cikinsu ya shiga littafi? Mai neman girman cinikin Najeriya da Nijar a intanet zai ga ɗan abu kaɗan, ya ɗauka iyakarsa ke nan.

Akwai dabara, ko da ba ta warkar da ciwon duka. Ka duba abin da ɗaya ƙasar ta rubuta. Shekaru da dama alƙaluma na nuna Benin tana sayo shinkafar da ta fi ƙarfin cikin mutanenta, kowa kuma ya san inda ragowar ke dosa daga Kwatano. Fasa-ƙwaurin shinkafar nan zuwa Najeriya na cikin dalilan rufe iyakokinmu a Agustan 2019. Sai dai a kula, mai sayowa yakan haɗa kuɗin jirgi da inshora a lissafinsa, mai sayarwa ba ya haɗawa, don haka ba kowane giɓi tsakanin lissafin ƙasashen biyu ne fasa-ƙwauri ba.

Kirana ga 'yan'uwana malamai: kada mu sa hannu a aikin da bai faɗi daga ina aka ɗauko kowane jeri ba, da shekarar ma'auninsa, da abin da bai ƙirga ba. Jami'o'inmu na Kano da Katsina da Sakkwato kuma su riƙa tura ɗalibai kasuwannin iyaka da biro da takarda, su ƙirgo abin da ke wucewa, a ɗora shi a intanet kowa ya amfana.