Kwafi, Naƙali Da Sata: Abin Da Bature Ke Nufi Da Kalmominsa

Wani mai karatu daga Kamarawa, a ƙasar Isa, ya rubuto mana cewa jami'a ta maido wa ɗansa kundin bincikensa da kalma guda a kansa, watau "plagiarism". Yana tambaya, shin kwafin maganar masana ya zama laifi ne, alhali kuwa da kwafi muka sami dukan littattafan da ke hannunmu?

To, Malam, ba kwafin ne aka tuhume shi da shi ba. Mu Hausawa mukan tattara abubuwa da yawa mu kira su satar fasaha, amma Bature ya ba kowanne sunansa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Asalin "plagiarism" daga Latin take, inda ake kiran mai sace mutum "plagiarius". Wani mawaƙin Rum na ƙarni na farko, mai suna Martial, shi ya ari kalmar ya jefi wani da ke rera baitocinsa yana cewa nasa ne. Watau abin da ake sacewa a nan suna ne da yabo: ka ɗauki maganar wani, ko tunaninsa, ka tsaya gaban jama'a kamar kai ka haife ta. Ko ka sauya kalmomin da naka, abin da suke kira "paraphrase", muddin ka ɓoye mai ita, laifin yana nan. Larabawa suna ce masa intihali ko sariƙa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1505, wanda kuma ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, har littafi ya yi a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, Al-Fariƙ Bainal Musannif Was-Sariƙ.

Kishiyar wannan ita ce "quotation" da "citation", watau naƙalto magana da ambaton inda aka samo ta. A nan ba mu da abin koyo daga waje. Duk wanda ya karanta Sirajul Ikhwan na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a ƙasar Gobir ɗin nan aka haife shi a 1754, zai ga dogayen maganganu na Shaihu Magili an kawo su ɗungurungum. Amma Shehu yakan faɗi mai maganar da littafinsa, in naƙali ya ƙare kuma malamanmu sukan rubuta "intaha", don kada maganar wani ta cuɗanya da tasu. Wannan kalma ita ce ke yin aikin 'yan alamomin nan da Bature ke sawa a farkon zance da ƙarshensa. Ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya keɓe, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Da yaron nan ya bi wannan ladabi, da kundinsa bai dawo ba.

Ma'aikatan gwamnati su lura, domin wannan tarkon ya fi kama su. A watan Satumba na 2016 an gano cewa wani sashe na jawabin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari an ɗebo shi ne daga jawabin cin zaɓe na Obama na Amurka na 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin a kan ma'aikacin da ya tsara jawabin. Da intanet a hannun kowa, asirin da a da yakan shekara a rufe yanzu ba ya kwana.

Fatake kuma kalmarsu dabam ce, ita ce "piracy". Asalinta fashin teku. Mai yin ta ba ya goge sunan mawallafi, hasali ma sunan ne ke sayar masa da kaya. Yakan buga littafin wani, ko ya kwafi wa'azinsa ko fim ɗinsa, ya kai kasuwar Shinkafi ko Sabon Birni ya ci riba ba da izini ba. Abin da ya keta shi ne "copyright", haƙƙin mallakar bugu, wanda Ingila ta fara yi wa doka a 1710. Nijeriya ta yi tata dokar a 1988, aka maye gurbinta da sabuwa da aka sa wa hannu a 2023. Wasu sukan ce ilimi ba shi da mai shi, saboda haka babu laifi. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba, domin takarda da tawada da shekarun da mutum ya ɓatar dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba.

Sai dai wannan haƙƙi yana da wa'adi. A dokar Nijeriya, littafi yana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Shehu ya rasu a 1817, saboda haka kowa yana iya buga littattafansa ya sayar. Alhaji Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu, watau Magana Jari Ce ba ta fita daga kariya sai bayan 2051. Amma wa'adin na riba ne kawai. Wanda ya cire sunan Shehu ya sa nasa, ko bayan shekara dubu ne, kalmar farko ta hau kansa.

Akwai kuma "forgery", wadda take juyin waccan ce: ka ƙirƙiri abu ka jingina shi ga wanda bai yi ba. Hadisi maudu'i yana cikin wannan babi, haka takardar shaida ta jabu da sa hannun ƙarya a kan rasit. Wannan ba jami'a kaɗai ke hukunta shi ba, yakan kai har kotu.