Abin da Ba a Sani Ba, a Rubuta Shi a Fili

Kafin a gina madatsar ruwa ko masana'anta ko babbar hanya a Nijeriya, wajibi ne a fara nazarin tasirin da aikin zai yi wa muhalli. Haka Doka ta 86 ta shekarar 1992 ta tanada. To, amma idan masu nazarin suka nemi wani bayani suka rasa, yaya ya kamata su yi?

Mu ɗauki misalin Dam ɗin Tomas da ke yankin Ɗambatta, wanda aka gina a shekarun 1970, tun kafin wannan doka. Ya kawo noman rani da kamun kifi. Sai dai duk mai son auna abin da dam ya sauya, dole ya san yadda kogi yake kafin a tare shi: zurfin rijiyoyi, irin kifaye, da yawan yaran da ke fama da tsargiya, cutar da ƙananan dodon-koɗi na ruwan kwance ke yaɗawa. Idan ba a auna waɗannan tun farko ba, ba za su aunu daga baya ba.

Mun ga darasi a madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992). Ruwan da ke malala a fadamun Haɗejiya da Nguru ya ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu.

A ganina, babban laifi shi ne a cike gurbin da zato, ko a kwafo alƙaluman wani wuri a liƙa. Rahoto na gari yana faɗa a fili: an rasa bayani kaza, ga dalili, ga haɗarin da ke tattare da rashinsa. Sannan a yi awo da damina da kuma rani, domin fadama fuska biyu gare ta. A tambayi dattawan manoma da masunta, a rubuta shaidarsu da sunan shaida. Inda ɓarnar ba ta gyaruwa, a dakata, domin rigakafi ya fi magani.

Wasu za su ce wannan jinkiri ne ga ci gaba. Jinkirin shekara guda ya fi sauƙi a kan asarar fadama.

Malamai da ɗalibai, kuna da rawar takawa. Ku kafa ma'aunin ruwan sama a makaranta, ku riƙa auna zurfin rijiya kowane wata, ku adana littafin. Mai nazarin da zai zo nan da shekara ashirin zai gode muku.