LAFIYAR IYALI: Wai Gocewar Ƙashin Baya Ce Uwar Cututtuka?

Wannan watan wasiƙar wata baiwar Allah daga Dawanau ce ta tsayar da ni. Maigidanta ɗan dako ne a kasuwar hatsi, kullum buhun masara ko wake mai kilo 100 a wuya, daga sito zuwa tirela. Yanzu baya ya riƙe, ruku'u ma da ƙyar. An kwatanta musu wani mai gyaran baya, ya ce ƙashi ne ya goce ya danne jijiya, in ya mayar da shi har olsa da hawan jinin maigidan za su tafi. Tambayarta, ta sayar da tunkiyarta su je?

'Yar'uwa, riƙe tunkiyarki tukuna.

Wannan zance ba a Kano aka fara shi ba. A 1895 wani Daniel David Palmer, a garin Davenport na Amurka, ya danna bayan wani mai shara, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, ya ce jinsa ya dawo. Daga nan ya kafa sana'ar da ake kira kayirofiratik, bisa aƙidar cewa kusan duk cuta daga gocewar ƙashin baya take, wai tana tare saƙon da ke bin jijiya. Abin dariya, jijiyar ji ko bayan ba ta sauka, daga kunne sai ƙwaƙwalwa.

Ba wai duka ƙarya ba ne fa. Laka a cikin ƙashin baya take, jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu, saƙo kuwa a wasunsu yana gudun mita 120 a daƙiƙa guda. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan yakan bulluƙo ya danne guda, mutum ya ji zogi kamar wutar lantarki daga ƙugu har yatsun ƙafa. Wannan likitoci sun san shi. Amma a 1973 Edmund Crelin na Jami'ar Yale ya sa ƙasusuwan bayan gawarwaki a na'ura, ya matsa, ya murɗa, bai ga jijiya ta dannu ba sai da ƙashin ya kai ga karyewa. A 2010 hukumar da ke kula da masu sana'ar a Ingila da kanta ta ce babu binciken da ya nuna wannan gociya tana haddasa cuta. Abin da aka yarda da shi kaɗan ne: a ciwon ƙugu na yau da kullum dannar takan kawo sauƙi, kwatankwacin na motsa jiki. Ƙarar "ƙas" ɗin nan da ke burge mutane kuwa, iska ce a ruwan gaɓa.

Ni ba na raina masu ɗorinmu na gado, sun ɗora hannaye da yawa. Sai dai baya ba hannu ba ne. Don Allah ki duba maigida da kyau. Ƙafa tana mutuwa ko yana jan ta? Fitsari ko bayan gida yana kufce masa? Yana rama, da zazzaɓi da gumin dare, ko wani ƙullutu ya fito a gadon bayan? Tarin fuka yakan ci ƙashin baya, kuma irin wannan ƙashi in aka danna shi, ana iya kwantar da magidanci gaba ɗaya. In kin ga ko ɗaya, kada a ce basir ne, don mu komai basir, ranar nan ku hau mota sai Asibitin Ƙashi na Dala. Yaran nan da ake sa su tattaka masa baya da daddare ma a dakatar da su.

In babu ko ɗaya, yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin mako 6. Ki gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, ya riƙa ɗan tattaki maimakon kwanciya wuni guda, in ya koma kasuwa ya durƙusa da gwiwa wajen ɗaga buhu, ko su kama su biyu.

A ci gaba da aiko da wasiƙu, sai wata mai zuwa.