Mai Juna Biyu a Gidan Abinci: Ruwan Sha Ne Abin Tsoro

Tambayar da ake yawan yi mana ranar awo ita ce, shin mai juna biyu za ta iya cin abincin sayarwa? A gari irin Zariya wannan tambaya ce mai tushe. Daga Samaru zuwa Kongo, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, gidajen tuwo ne ke riƙe da ɗalibai da ma'aikata da 'yan jinya. Mace ta baro ƙauye tun asuba don awo, azahar ta yi mata a gari, ba wanda zai ce ta koma gida da yunwa. Don haka amsarmu ita ce ki ci, amma ki san abin da za ki kai baki.

Tuwon da aka kwashe da zafinsa da miyar da ke tafasa a kan murhu ba su cika kawo matsala ba, domin wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Miyar taushe, wake, zogale, alayyafo da ƙwai dafaffe duk suna taimaka miki wajen ƙarin jini da ginin jikin jariri. Hana mai ciki cin ƙwai camfi ne kawai. Abin da za ki guje wa shi ne shinkafar da ta wuni a kula ta huce, da salak da kwaɗon da ba ki san da wane ruwa aka wanke ganyensu ba, da naman da cikinsa bai gasu ba.

Babban haɗarin yana cikin kofi. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura, idan ruwan da aka haɗa su da shi ba mai tsabta ba ne, za su iya kawo taifod da amai da gudawa. A shekarar 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya. Akwai kuma ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa. Ga yawancin mutane shawara ce da ke wucewa cikin makonni, amma ga mai tsohon ciki abin ya sha bamban: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata huɗu ko biyar da suka kamu a watanni ukun ƙarshe, ɗaya na iya rasa ranta. An ga haka a Diffa ta Nijar a 2017, inda da yawa cikin waɗanda suka rasu masu ciki ne. Saboda haka ki tafi da ruwanki daga gida wanda aka tafasa, ko ki sayi na roba ko na leda mai lambar NAFDAC. Nono kuwa, in ba ki tabbatar an dafa madarar kafin ta yi tsami ba, ki haƙura da shi har ki koma gida.

Sai kwanon wankin hannu. Ruwa ɗaya mutum biyar sun tsoma hannu, ke ce ta shida, wannan ba wanki ba ne. Ki ce a zuba miki da buta, da sabulu. Mai abincin da ta ji haushin haka, gidanta ba wurin zamanki ba ne.

Wasu abubuwan kuma ba ƙazanta ba ne, yawa ne. Gidajen abinci suna da hannu wajen gishiri da magi, ɗanwake da miyar kuka kuma ba sa rasa kanwa. In an ce jininki ya hau ko ƙafafunki suna kumbura, ki rage su. Tun shekarun 1970 likitoci a nan Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don haka wannan magana ta shafi uwar miji da gwaggo masu kula da jego. Shayi ma ki bar shi sai bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci ko shan maganin ƙarin jini, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Kai kuma maigida, rakiya ba biyan kuɗi kaɗai ba ce. Ka leƙa inda ake wanke kwanuka, ka ga ko an rufe abinci daga ƙudaje, kafin ka ce ta zauna.

Idan bayan cin abinci gudawa ta kama ki, ki fara shan ruwan gishiri da sukari nan take: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada ki sayi magani a kemis da kanki. In kin ga zazzaɓi, ko idonki ya yi ruwan ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko ciwon mara, ko jariri ya rage motsi, ki zo asibiti a ranar, ko da dare ne, kada ki jira ranar awo.