Gayya a bakin kogin Nilu

Yara, a ƙasar Sudan akwai wata unguwa ana ce mata Aljirif. Tana cikin Hartum, a bakin reshen kogin Nilu wanda ke gangarowa daga ƙasar Habasha. Kogin ya raba ta biyu, gabas da yamma. Sudan ba baƙon wuri ba ce ga Hausawa: tun bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu suka kafa garin Maiwurno a bakin wannan kogi, wasu kuma suka zauna Hartum da Umdurman.

An san Aljirif da jan tubali. Kowace damina kogi yakan cika, in ya janye ya bar laka mai kyau. Kafin yaƙin 2023, ma'aikata da yawa suna cin abinci da wannan laka. Wani ya haƙa, wani ya kwaɓa da kashin shanu, wani ya buga, wani ya shanya, kana a gasa. Ko akwai wanda ya zo don son ɗan'uwansa? A'a. Kowa kuɗin tuwon gidansa yake nema. Ni ban ga laifin wannan ba. Amma mai bugu ba ya samun ko dala in mai kwaɓi ya kwanta. Neman na kansa shi ne ya ɗaure kowa da abokinsa.

Sai dai son kai yana da inda yake ɓarna. In kowa ya ce bari ya ƙara haƙa gaɓar kogi kaɗan, ribar tasa ce shi kaɗai. Ran da gaɓa ta zube, asarar ta kowa ce, har da mai lambun da bai taɓa buga tubali ba.

Mutanen Sudan suna da abin da suke kira nafir, wato gayya. A 1988 da 2020 ruwa ya yi ambaliya a Hartum. A 2020 mazauna bakin kogi suka fito suna jera buhunan rairayi dare da rana. Wanda ya tare ƙofar gidansa kaɗai ya yi aikin banza, don ruwa zai shigo masa ta gidan maƙwabci.

Wasu na cewa gayya aikin alheri ne kurum. Ni ina ganin bashi ce. Yau a gonarka, gobe a tawa. Kun san mai zuwa gayya lokacin fura kaɗai? Ba a kai shi wurin alkali, amma ran tasa gayyar mutum uku zai gani. Shi ya sa gayya ta fi ƙarko inda mutane suka san juna.

Ran 15 ga watan Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Hartum. Kasuwanni da asibitoci da yawa suka rufe. A Aljirif da Umdurman da sauran unguwanni, matasa maza da mata suka ɗora manyan tukwane, suna kiran wurin takiyya. Ƴan'uwa na ƙasashen waje suka riƙa aiko kuɗi ta waya. Aka dafa wake da adas, aka zuba wa duk wanda ya miƙo kwano. A nan lissafin bashi bai isa ya bayyana kome ba, domin da yawa daga masu cin abincin ba su da abin da za su mayar, masu dahuwa kuma wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aikin.