A Kama Ɓarawo, Kada A Rufe Kasuwa

Mu 'yan kasuwar Tarka mun san zafin hasara. Don haka ba mu goyon bayan masu kwafar finafinan Kano da waƙoƙin mawaƙanmu suna zuba wa mutane a waya, mai abu bai samu ko dala ba. Haƙƙi ne, ya kamata hukumar BNDA ta bi musu kadinsa.

Amma duk dokar da za a yi, kada a fake da guzuma a harbi karsana. Bayan zaɓen 2021 an katse intanet kwana 10, jin farashin hatsi daga Damagaram da Dawanau ya yi mana wuya. A hukunta mai satar fasaha, a bar mana layinmu. Ba a rufe kasuwa don ɓarawo ɗaya.