Ina Koriya a Tarihin Gabashin Asiya?

Malam Edita,

Na ji daɗin maƙalarku kan tarihin Gabashin Asiya, sai dai Sin da Japan sun cinye filin, Koriya ko ƙyallinta ban gani ba.

Ai ko don Sarki Sejong a ambace ta. Kafin zamaninsa da haruffan Sinanci ake rubutu, dubbai ne, ina manomi ina lokacin haddace su? A 1443 ya ƙirƙiro haruffa 28, aka bayyana su a 1446. Wasu baƙaƙen ma siffar harshe da baki lokacin furuci aka kwaikwaya. Manyan malaman fada suka yi ta gunaguni, wai zubar da daraja ne. Yau 24 ake amfani da su, sunansu Hangul, hoton Sejong kuwa yana jikin takardar kuɗi ta won 10,000.

Naku,
Mai karatu daga Zariya